Yadda Ake Fitar da Lanƙwasar Nonon Saniya Ruwa-Biyu, Daga Haihuwa Zuwa Ƙafewa

In ka tambayi mai shanu yawan nonon da saniyarsa ke bayarwa, amsar da za ka ji ita ce ta ranar da bokiti ya fi cika. "Tana yin lita goma sha biyu." To, ta yi ɗin, amma a wane mako? Bayan wata biyar kuma nawa ya rage? Nonon saniya ba ya zama wuri ɗaya. Yana hawa bayan haihuwa, ya kai ganiya, daga nan ya kama gangara har ta ƙafe. In ka ɗiga awon kowace rana a takarda, kwanaki a kwance, kilo a tsaye, layin da zai fito kamar tudu yake, gabansa gajere, bayansa dogon gangare. Shi ake kira lanƙwasar nono. Aikinmu a nan shi ne mu matse wannan layi ya koma lambobi uku, waɗanda za su gaya mana ranar ganiya, tsayinta, saurin saukar nonon, da jimillar abin da za a tatsa a zango guda.

Sai dai akwai wani hanzari. Yawancin ƙa'idojin lissafin nan an gina su ne a kan shanun ƙasashen sanyi. Saniyar da aka haɗa jinin Holstein ko Jersey da na shanu masu tozo halinta daban ne. Girolando ta Burazil da Frieswal ta Indiya duk kashi 5 cikin 8 na jininsu Holstein ne, sauran kashi 3 na Gir ne a ta farko, na Sahiwal a ta biyu. Haka ake haɗa Holstein da Boran ta Gabashin Afirka, ko da Bunaji. Irin waɗannan sukan kai ganiya da wuri, ganiyar ba ta cika tsayi ba, wasu ma tun makon farko suke soma sauka, wasu kuma su ƙafe tun ba a je ko'ina ba. Wanda ya tilasta musu siffar Holstein zai sami zane mai kyau, amma ba na saniyarsa ba.

Mataki na farko: awo

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yi masa riƙon sakainar kashi. Kowace saniya ta sami lambar kunne da shafinta. A saman shafin ka rubuta ranar da ta haihu, haihuwa ta nawa ce, da yawan jinin waje da ke jikinta in an sani: rabi, kashi 5 cikin 8, ko kashi 3 cikin 4. Ranar haihuwa ita ce tushen komai, domin daga ita ake ƙirga kwanaki. Kuskuren mako guda a nan ya isa ya karkatar da ganiyar gaba ɗaya.

Auna da sikeli, ba da ido ba. Kumfa na yaudarar mai duba layin lita a jikin bokiti, sikeli kuwa babu ruwansa da kumfa. Rataya bokitin babu komai, ka mayar da allura kan sifili, sannan a zuba. In dole sai da lita za ka auna, lita ɗaya ta madara tana da nauyin kilo 1.03, sai ka juya duka zuwa kilo, kada ka cakuɗa biyun a shafi ɗaya. Awon rana kuwa shi ne na safe da na yamma a haɗe. Na safe yakan fi yawa in tazarar dare ta fi ta rana tsawo, don haka ninka na safe sau biyu ƙarya ce mai sauƙin shiga.

Kwanakin farko dakashi ne, na maraƙi ne, ba a sa shi cikin lissafi. Fara awo daga kwana na 5. Manyan tsare-tsaren rajistar nono, irin waɗanda ke bin ƙa'idojin ICAR, kwamitin ƙasa da ƙasa mai tsara rajistar dabbobi, sukan auna sau ɗaya duk mako huɗu, kuma hakan yana isa ga saniyar da ba ta kai ganiya sai mako na shida ko na takwas. Ga ruwa-biyu ban yarda da wannan ba. In ganiyarta ta zo a kwana na 20, kai kuma awonka na farko ya faɗo a kwana na 28, to ka zo bayan an tashi, abin da za ka gani gangara ce kawai. Shawarata: auna duk mako har kwana 60, daga nan duk mako biyu ko duk wata har ta ƙafe. Awo goma zuwa goma sha biyar a zango ɗaya sun wadatar, muddin uku ko huɗu daga ciki sun faɗo kafin ganiya.

Sai maganar maraƙi, wadda littattafan ƙasashen sanyi ba su cika damuwa da ita ba. Saniyar da jinin masu tozo ya yi yawa a jikinta sau da yawa ba ta sakin nono sai ta ga ɗanta, ko ya ɗan tsotsa. Sinadarin oksitosin da ke matso nonon daga cikin hantsa mintuna kaɗan yake aiki, tsoro ko hayaniya kuma suna hana shi. To abin da ya shiga bokiti ba shi ne duk abin da ta samar ba. Hanyar gano kason maraƙi ita ce ka auna nauyinsa kafin ya sha, ka sake aunawa da ya gama, bambancin shi ne abin da ya sha. In ba ka da halin yin haka, ka tsayar da tsari ɗaya, misali a bar masa kan nono ɗaya kullum, ka rubuta hakan a shafin, kuma ka san cewa lanƙwasarka ta nonon da aka tatsa ce, ba ta nonon da saniya ta yi ba. Ranar da aka yaye shi ma ka rubuta, don za ka ga layin ya yi tsalle ko ya faɗi a wurin.

A gefen kowane awo ka bar gurbin bayani: ciwon hantsa, zazzaɓi, neman bijimi, sauyin abinci, sabon mai tatsa, ranar barbara. Kalma biyu kawai, amma su za su cece ka nan gaba.

Mataki na biyu: tankaɗe da rairaya

Shigar da komai cikin kwamfuta, layi ɗaya ga kowane awo: lambar saniya, kwanaki tun haihuwa, kilo. Kwanakin za mu kira su t, nonon kuma y. Kada t ya zama sifili, domin lissafin da ke tafe ba ya karɓarsa.

Cire awon da ka san dalilin lalacewarsa, kamar ranar da ta kwana da zazzaɓi ko ranar da bokiti ya kife. Wanda ba ka san dalilinsa ba, bar shi ko da ya ɓata maka zane. Akwai kuma jarabar da ta fi wannan girma: zubar da shanun da suka ƙafe da wuri, a kwana 120 ko 150, wai zangonsu bai cika ba. In cuta ko ɓari ne suka jawo, a ware su. In kuwa haka kawai ta ƙafe, to halin jininta ne, kuma shi ne ainihin abin da kake nema ka sani. Mai zubar da irin waɗannan yana yi wa garkensa kwalliya ne, matsakaicin da zai fitar ya fi gaskiya tsayi.

Mataki na uku: zana kafin ka lissafa

Ɗiga awon kowace saniya a zane ka kalle shi da ido. Minti biyu ne. Za ka ga masu tudu sosai, masu shimfiɗe kamar faranti, masu gangara tun daga farko, da masu tudu biyu. Tudu na biyu galibi ba jini ba ne, ciyawa ce: saniya ta haihu cikin rani, nono ya sauka, damina ta faɗi ya sake tashi. Babu ƙa'ida mai lambobi uku da za ta iya bin tudu biyu, gara ka san haka tun yanzu.

A nan ne kuma za ka raba garken gida-gida. Masu haihuwar fari su zauna daban, domin karsana tana kan girma, ganiyarta gajera ce, tana zuwa a makare, amma nononta ya fi jinkirin sauka. Masu haihuwa ta biyu daban, ta uku zuwa sama a haɗe. Sannan a raba bisa yawan jinin waje da lokacin haihuwa, in yawan shanun ya kai. Rukunin da bai wuce shanu uku ko huɗu ba, ba rukuni ba ne, haɗa shi da maƙwabcinsa.

Mataki na huɗu: ƙa'idar Wood

A 1967 P. D. P. Wood na Ingila ya wallafa a mujallar Nature ƙa'idar da har yau ita ake fara gwadawa:

y = a × t^b × e^(−ct)

Harafin e lamba ce tsayayya, kusan 2.718. Sauran ukun su muke nema. Lambar a tana nuna matakin da nono ya tashi daga gare shi, ita ke ɗaga layin duka ko ta sauke shi. Lambar b ita ce ƙarfin hawa kafin ganiya. Lambar c kuma saurin gangara. Ƙarfi biyu ne ke ja-in-ja: t^b yana tura nono sama, e^(−ct) yana janyo shi ƙasa. Da farko mai turawa ke rinjaye, daga baya mai janyowa ya karɓe, inda suka yi kunnen doki nan ne ganiya.

Dabarar warware ta ita ce a ɗauki logaridim, wato ln, na ɓangarorin biyu, sai lanƙwasa ta miƙe:

ln y = ln a + b × ln t − c × t

Bari mu yi da hannu sau ɗaya, don ka ga babu tsafi a ciki. A ce wata saniya, mu kira ta Fara, ta ba da kilo 9.05 a kwana na 10, kilo 10.27 a kwana na 40, da kilo 6.37 a kwana na 200. Danna maɓallin ln a kalkuleta: na nonon zai ba ka 2.203, 2.329 da 1.852, na kwanakin kuma 2.303, 3.689 da 5.298. Sa kowane awo a cikin ƙa'idar da ta miƙe, ka sami layukan lissafi uku. Ɗebe layin farko daga na biyu, ln a zai ɓace:

0.126 = 1.386b − 30c

Ɗebe na biyu daga na uku:

−0.477 = 1.609b − 160c

Warware biyun nan, b zai fito kusan 0.2, c kusan 0.005. Mayar da su layin farko: ln a = 2.203 − 0.461 + 0.05 = 1.792, wato a ya zama 6. Ke nan Fara ta koma lambobi uku: 6, 0.2, 0.005.

Awo uku misali ne kawai. A aikin gaske duk awon za ka sa. A Excel ka buɗe ginshiƙai uku, na ln y, na ln t, da na t, ka sa na ln t da na t kusa da juna, sannan ka kira LINEST, umarnin Excel mai fitar da lambobin miƙaƙƙen layi. Ka kula, LINEST yana jero amsoshinsa ne daga baya zuwa gaba: lambar ginshiƙin ƙarshe ce ke fara fitowa, ln a kuma a ƙarshe. Mutane da yawa sun ɗauki c a matsayin b saboda wannan. Lambar da ke gaban t za ta fito da alamar ɗebewa, cire alamar ka sami c.

Amma kada ka tsaya nan. Logaridim yana ba ƙananan awo na ƙarshen zango nauyin da ya wuce nasu, shi ya sa layin da ya fito ta wannan hanya yakan kauce wa ganiya. Ɗauki abin da ka samu a matsayin mafari, ka gyara shi a kan kilo na ainihi. Sa a, b da c a ɗakuna uku, ka buɗe ginshiƙin hasashe da =a*t^b*EXP(-c*t), kana nuna ɗakunan da suka dace. Ginshiƙi na gaba ya ɗauki giɓi, wato awon gaske a ɗebe hasashe, na gabansa kuma giɓin sau kansa. Tara wannan na ƙarshe a ɗaki ɗaya, ka buɗe Solver, kayan aikin Excel mai lalubo lambobin da suka fi dacewa, ka ce ya rage jimillar iya raguwa ta hanyar juya ɗakuna ukun, da tsarin GRG Nonlinear. Akwai wani ɗan akwati a tagar Solver da ke hana lambobi sauka ƙasa da sifili, kuma a cike yake zuwa. Cire alamar. In ka bar ta, saniyar da b ɗinta ya kamata ya faɗa ƙasa da sifili za ta maƙale a sifili, kai kuma ba za ka san an ɓoye maka labari ba.

Mai amfani da manhajar ƙididdiga ta R layi ɗaya ya ishe shi:

nls(y ~ a * t^b * exp(-c * t), start = list(a = 6, b = 0.2, c = 0.005))

In ya ƙi kammalawa, kusan kullum lambobin farawa ne suka yi nisa da gaskiya. Koma ga na logaridim, ko ka gwada nlsLM da ke cikin minpack.lm, ya fi haƙuri.

Mataki na biyar: karanta abin da ya fito

Ranar ganiya ita ce b a raba da c. Ga Fara, 0.2 ÷ 0.005, kwana na 40. Nonon ganiya shi ne a × (b/c)^b × e^(−b), ya ba da kilo 10.3. Jimillar zango kuwa ba sai ka wahalar da kanka ba: jera kwanaki daga 1 zuwa 305 a ginshiƙi, ja ƙa'idar har ƙasa, ka tara. Ta Fara ta kama wajen kilo 2,280. Wannan 305 ɗin ya samo asali ne daga burin haihuwa duk shekara, kwana 305 na tatsa da 60 na hutu. In shanunka a kwana 250 suke ƙafewa, tsaya a 250. Ƙa'idar Wood ba ta taɓa kai sifili, za ta ci gaba da ba ka nono a takarda bayan hantsa ta bushe.

Yanzu ga wata, mu kira ta Baƙa, mai a = 7, b = 0.25, c = 0.01. Ganiyarta a kwana na 25 take, kilo 12.2. Ita ce wadda ake nuna wa baƙi. Ga yadda suke tafiya:

| Kwana | Fara | Baƙa |
|---|---|---|
| ganiya | 10.3 | 12.2 |
| 100 | 9.1 | 8.1 |
| 130 | 8.3 | 6.4 |
| 200 | 6.4 | 3.6 |
| 305 | 4.1 | 1.4 |

Tsakanin kwana na 70 da na 80 Fara ta kamo ta, ta wuce, ba ta ƙara waiwayowa ba. Daga kwana na 100 zuwa na 130 Fara ta yi asarar kashi 9 cikin 100, Baƙa kashi 21. A ƙarshe Baƙa ba ta wuce kilo 1,860 ba, ko da an ci gaba da tatsarta har 305, abin da da wuya a yi. Tazarar ta haura kilo 400, kuma tana hannun wadda ba ta taɓa cika bokiti ba. Tafiya sannu-sannu kwana nesa.

Wannan halin shi ake kira juriya, kuma Wood ya ba shi ma'auni: −(b + 1) × ln c. Fara ta sami 6.36, Baƙa 5.76. Lambar ba kilo ba ce ba kuma kwana ba, amfaninta kwatanta saniya da saniya, mai babba ta fi juriya. Ni dai a wurin ruwa-biyu juriya nake fara dubawa kafin ganiya, kuma ba don jimilla kaɗai ba. A makonnin farko nono yana riga cin abinci hawa, saniya na ciro sauran daga kitsen jikinta. Mai doguwar ganiya ta fi ramewa, kuma saniyar da ta rame takan jinkirta komawa neman bijimi. Inda abinci bai wadata ba, tudun da ya yi tsini bashi ne da jiki zai biya.

In b ya fito ƙasa da sifili fa? Ma'anarsa layin ba shi da hawa, gangara ce tun daga ranar farko, kuma b ÷ c ba shi da wata ma'ana. Kafin ka ɗora wa saniya, duba ranar awonka na farko. In ya wuce kwana 25 ko 30, laifin rajista ne. In kuwa ka auna tun makon farko kuma haka abin yake, to karɓe shi, akwai irinsu da yawa cikin masu jinin tozo da waɗanda suka haihu a rame. Ga irinsu tsohuwar ƙa'idar Brody ta 1923, y = a × e^(−ct), mai lambobi biyu kacal, ta fi gaskiya. Ƙirga yawansu cikin garke ka ajiye, shi ma sakamako ne. Wani lokaci kuma c ne zai fito ƙasa da sifili, wato nono na ta hawa babu sauka. Wannan kam ko awon bai yi nisa ba, ko damina ce ta shigo a tsakiya.

Mataki na shida: gwada wasu ƙa'idoji, ka zaɓa

Wood ba shi kaɗai ba ne. Wilmink na ƙasar Holan ya kawo tasa a 1987: y = a + b × e^(−kt) + c × t, inda akan tsayar da k a 0.05. Da zarar an tsayar da k, LINEST kaɗai ya isa, babu buƙatar logaridim na nono. Sai dai 0.05 ɗin an same shi ne daga shanun can, don haka ga masu saurin kai ganiya ka gwada 0.07 ko 0.1 ka ga wanne ya fi rage giɓi. Ka lura a, b da c na Wilmink ba su ne na Wood ba, suna ne kawai ya zo ɗaya. A shekarar dai Ali da Schaeffer na Kanada suka fitar da mai lambobi biyar. Tana lanƙwasuwa yadda ake so, amma tana cin awo da yawa, kuma a bakin farko da na ƙarshe, inda babu awo, takan yi hauka. Da awo bakwai ko takwas kada ka kusance ta. Akwai kuma ta Nelder ta 1966, y = t ÷ (a + bt + ct²), wadda ta dace da masu ganiyar wuri.

Wajen zaɓe mutane sun fi son R², ma'aunin yadda ƙa'ida ta dace da awo, don yana da daɗin faɗa. Matsalarsa ita ce ƙara lambobi a ƙa'ida yakan ɗaga shi ko da babu wani amfani, ke nan mai biyar za ta riƙa cin mai uku a banza. RMSE ya fi magana da harshen mai shanu, domin da kilo yake zuwa: tara giɓi sau kansa, raba da yawan awo bayan ka ɗebe yawan lambobin ƙa'idar, ka ɗauki tushen murabba'i. In ya fito 0.6, to hasashenka yana kaucewa da kimanin kilo 0.6 a rana. AIC kuma yana cin tarar kowace lamba da aka ƙara, mai ƙaramin AIC ita ta yi nasara, da sharaɗin awo ɗaya aka ba su duka, kuma duka a kan kilo aka gwada, ba wata a kan logaridim ba.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne zanen giɓi. Ɗiga giɓin kowane awo a kan kwanaki. In ɗigon sun watsu sama da ƙasan sifili babu tsari, madalla. In kuwa sun yi jerin gwano, goma a sama, goma a ƙasa, to ƙa'idar ta kasa bin siffar. Ta Wood an san ta da wannan a kusa da ganiya. Koma gurbin bayaninka ka duba. Giɓin da ya nutse daga wajen wata na biyar na ciki, cikin ne ke janye nono. Wanda ya nutse ga dukan shanu a mako ɗaya, ko da kwanakinsu sun bambanta, zafi ne ko abinci ko ruwan sha, ba jini ba.

Mataki na bakwai: daga saniya ɗaya zuwa garke

Hanya biyu ce. Ko ka zuba awon rukuni duka ka fitar da layi ɗaya, ko ka fitar wa kowace nata. Yi duka biyun, amma kada ka ɗauki matsakaicin a, na b da na c ka ce ka sami lanƙwasar rukuni, domin ƙa'idar ba miƙaƙƙiya ba ce, layin da zai fito ba na kowa ba ne. Matsakaicin ranar ganiya, na nonon ganiya da na jimilla su ne masu ma'ana. Wata matsalar kuma, a layin rukuni, ƙarshen zango yakan yi kyau fiye da kima, saboda raunana sun riga sun ƙafe sun fita, jarumai kaɗai suka rage. Rubuta yawan shanun da ke cikin kowane wata a ƙasan zanen. Mai shanu ɗaruruwa da ke son raba tasirin jini da na kiwo sai ya koma ga nlme a R, ko tsarin da masu kimanta bijimai ke bi da awon rana-rana, amma wannan karatu ne na daban.

Wajen kwatanta jini ka yi hattara. 'Ya'yan haɗin farko, rabi da rabi, suna da wani ƙarfi na musamman da haɗuwar jini biyu ke bayarwa, kuma wani ɓangarensa yana zubewa in aka haɗa su da junansu. Haka nan masu kashi 3 cikin 4 na Holstein sau da yawa su ake fifitawa a abinci. In layinsu ya fi tsayi, tambayi kanka ko jini ne ko kwano.

Don tabbatar da jimilla, gwada ta da hanyar tazarar awo da masu rajista ke bi: matsakaicin awo biyu da ke jere, sau kwanakin da ke tsakaninsu, a tara duka, a ƙara awon farko sau kwanakin da suka gabace shi, da na ƙarshe sau kwanakin da suka rage zuwa ƙafewa. In ita da jimillar Wood sun yi hannun riga, akwai kuskure a wani wuri, galibi a ranar haihuwa.

Amfani da shi yau da gobe

Buga layin kowane rukuni ka manna inda ake tatsa. Duk ranar awo a ɗiga na kowace saniya a kai. Wadda ta faɗi ƙasa da nata layin da kashi 10 ko 15 cikin 100 ba tare da dalili ba, a taɓa hantsarta, a duba zafin jikinta a ranar, tun kafin ciwo ya fito fili. Abincin ƙari kuma a bi da shi ta layin: a ƙara tun ana hawa, a riƙe a ganiya, a rage a gangara, maimakon a ba kowa mudu ɗaya.

Hasashen jimilla tun zango bai ƙare ba yana yiwuwa, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma ba tun daga Asabar ba. Kafin kwana 100 lambar c ba ta zauna ba, domin gangarar ba ta yi tsawon da za a auna ta ba. In dole ne ka yanke hukunci da wuri, ari b da c na rukuninta, ka bar Solver ya juya a kaɗai. Da awon kwana na 120 da na 150 sun shigo, sai ka sake su ukun duka, ka kwatanta sabuwar jimillar da ta farko, ka rubuta bambancin a shafinta.